Yadda Hoto Ko Takarda Ke Buɗe Wa Masu Kutse Ƙofar Kwamfuta

Da wuya a wuni a ofishin gwamnati ba a aiko wa ma'aikaci da fayil ba: takardar sanarwa ta imel, jadawalin albashi, hoton taro ta WhatsApp, ko wata takarda da aka kwafo a filashi daga shagon buga takardu. An daɗe ana jan kunnen ma'aikata da kada su ɗora manhajar da ba su san asalinta ba, kuma jan kunnen yana kan hanya. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka cewa hoto ko takarda ba su da wata illa, tunda kallo ne kawai ko karatu. Wannan zato ba daidai ba ne. Fiye da shekaru 20 ke nan ana amfani da hotuna da takardu da bidiyo wajen kutsawa cikin kwamfutoci da wayoyin salula, kuma a wasu lokutan ba a ma buƙatar mai wayar ya taɓa komai. Tushen matsalar wani nau'in kuskure ne da masana ke kira gurɓatar ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Abin da ke faruwa idan an buɗe fayil

Kowane fayil, hoto ne ko takarda ko waƙa, jerin lambobi ne kawai. Ana kiran kowace ɗaya bayit, kuma tana iya zama daga 0 zuwa 255. Kowane nau'in fayil, kamar JPEG ko PDF, yana da ƙa'idar da ta tsara ma'anar waɗannan lambobi: waɗannan na farko su ne faɗin hoto, waɗancan tsawonsa, na gaba kuma yawan bayanan da ke biye. Aikin manhaja shi ne ta karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta nemi gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta gwargwadon girman da fayil ɗin ya faɗa, ta zuba bayanan a ciki, sannan ta zana hoton a fuskar kwamfuta.

A nan gizo ke saƙar. Fayil ɗin ne ke bayar da labarin kansa, kuma wanda ya ƙirƙire shi yana iya shirga ƙarya. Zai iya rubuta cewa wani sashe bayit 50 ne alhali ya cusa 5,000. Idan wanda ya rubuta manhajar bai sa ta binciki wannan da'awa ba, za ta gaskata, ta ci gaba da zubawa har bayanan su tumbatsa daga gurbinsu su shafe abin da ke maƙwabtaka da shi.

Mai karatu ya ɗauki misalin fom ɗin da aka ware wa suna akwatuna 20, a ƙarƙashinsu kuma akwai layin da aka rubuta ofishin da masinja zai mayar da fayil idan an gama. Wani ya kawo suna mai haruffa 60, akawu kuwa bai ƙirga ba, ya yi ta rubutu har ya rubuce layin ƙasa. Idan haruffan shirme ne, masinja zai rasa inda zai dosa, aiki ya tsaya. Wannan shi ne abin da muke gani idan manhaja ta rufe kanta ba zato ba tsammani. Amma idan mai sunan ya auna haruffansa da kyau, ta yadda waɗanda za su faɗa kan layin ƙasa za su zama adireshin gidansa, to masinja zai ɗauki fayil ɗin gwamnati ya kai masa har gida, yana ganin aikinsa yake yi. Haka abin yake a kwamfuta. Kusa da gurbin bayanai akwai lambar da ke gaya wa na'ura inda za ta koma ta ci gaba da aiki, kuma wanda ya iya sauya wannan lamba ya iya juya akalar na'urar zuwa ga umarnin da ya ɓoye a cikin fayil ɗin. Daga nan duk abin da mai kwamfutar yake da ikon yi, shi ma ya samu.

Dalilin da ya sa irin wannan kuskure ya yi yawa shi ne harsunan da aka rubuta mafi yawan manyan manhajoji da su, wato C da C++. Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro C a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka a farkon shekarun 1970, lokacin da kwamfutoci ba su da ƙarfi, kuma domin a samu sauri sai aka bar wa marubucin manhaja nauyin lura da iyakar kowane gurbi. Manhaja kamar burauzar intanet tana da miliyoyin layukan rubutu. Ɗan Adam kuwa ajizi ne, kuma mantuwa a wuri ɗaya ta wadatar.

Ba tumbatsa ce kaɗai hanya ba. Akwai amfani da gurbi bayan an sake shi, wanda ya yi kama da layin wayar da mai shi ya daina amfani da shi har kamfani ya sayar wa wani, amma banki bai sani ba, yana ta aika saƙon asusu zuwa ga sabon mai layin. Manhaja takan mayar da gurbin da ta gama da shi, sai ta manta ta ci gaba da dogaro da abin da ke ciki, alhali mai kutse ya riga ya cika wurin da kayansa. Akwai kuma juyewar ƙirga, kamar mitar mota da ke komawa 000000 bayan ta kai 999999. Wannan na ƙarshe shi ne ya jawo ɗaya daga cikin fitattun matsaloli a tarihin Windows.

Hoton JPEG na 2004

A ranar 14 ga Satumba, 2004, kamfanin Microsoft ya fitar da sanarwa mai lamba MS04-028 game da sashen Windows da ke zana hotuna, wanda ake kira GDI+. A ƙa'idar JPEG akwai wurin rubuta ɗan tsokaci a cikin hoto, kuma kafin tsokacin akwai bayit biyu da ke faɗin tsawonsa. Tsawon ya haɗa da su waɗannan bayit biyun, saboda haka mafi ƙanƙantar lambar da ta halatta ita ce 2. Manhajar takan ɗebe 2 daga lambar domin ta san yawan abin da za ta kwafa. Ba a tanadi abin da zai faru ba idan wani ya rubuta 0 ko 1. Idan aka ɗebe 2 daga 1, a irin ƙirgar da ba ta san ƙasa da sifiri ba, amsar takan juye ta zama 4,294,967,295. Sai manhajar ta kama kwafar bayanai masu wannan yawa zuwa cikin ɗan ƙaramin gurbi, tana shafe duk abin da ta tarar.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne manhajoji da dama, har da Office, kowace tana ɗauke da nata kwafin na GDI+, ta yadda gyara Windows kaɗai bai isa ba. Kallon hoto a shafin intanet ko a imel ya wadatar a kama kwamfutar.

Ba a ranar aka fara sanin tumbatsar gurbi ba. Tun a watan Nuwamban 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell, Robert Tappan Morris, ya saki manhajar da ta yi amfani da irin wannan kuskure, tare da wasu dabaru, ta bazu a kwamfutocin da aka ƙiyasta sun kai 6,000. Amma al'amarin 2004 ne ya nuna wa talakan mai kwamfuta cewa hoto ma ba abin sakin jiki ba ne.

Takardun ofis

A watan Maris na 2011 kamfanin RSA, wanda sana'arsa ita ce sayar wa bankuna da hukumomi na'urorin tsaro, ya bayyana cewa an yi masa kutse. An aika wa wasu ƙananan rukunonin ma'aikatansa imel ɗauke da jadawalin Excel mai taken shirin ɗaukar ma'aikata na 2011. Saƙon ya faɗa akwatin tarkace, amma wani ma'aikaci ya ciro shi ya buɗe. A cikin jadawalin an binne wani fayil na Flash da ke amfani da kuskuren da ba a riga an gano ba. Uwar kamfanin, EMC, ta ce lamarin ya ci mata dala miliyan 66. Duk wanda ya san yadda ake rububin takardar da ta ambaci ɗaukar aiki ko ƙarin girma a ma'aikatunmu, ya san ba wauta ce ta musamman ta kama wannan ma'aikaci ba.

Misalin da ya fi shafar ofisoshi irin namu shi ne na wata ƙaramar manhajar rubuta alamomin lissafi da ke cikin Office, mai suna Equation Editor. An harhaɗa ta a watan Nuwamban 2000, aka ci gaba da saka ta a kowane sabon Office ba tare da an taɓa ta ba har shekaru 17. A 2017 masu bincike suka gano cewa tana kwafar sunan salon rubutu zuwa wani gurbi ba tare da auna tsawonsa ba. Saboda tsufanta, ba ta da matakan kariyar da sauran sassan Office suka samu daga baya. Microsoft ya yi mata faci a watan Nuwamban 2017, sannan a Janairun 2018 ya cire ta baki ɗaya. Duk da haka, a watan Mayun 2020 hukumomin tsaron intanet na Amurka sun sanya wannan kuskure, mai lamba CVE-2017-11882, a cikin guda goma da aka fi amfani da su tsakanin 2016 da 2019, tare da wani na Office da aka yi wa faci tun 2012. Dalili a fili yake: faci yana nan, amma ba a ɗora shi ba. Kwafin Office na sata, wanda aka kashe masa hanyar sabuntawa domin kada a gane shi, yana nan yadda yake a ranar da aka ɗora shi.

Kutsen da ba ya buƙatar a taɓa komai

Wayoyin zamani suna buɗe fayil tun kafin mai su ya gani, domin su nuna ɗan ƙaramin hoto a cikin saƙo. A watan Yulin 2015 Joshua Drake na kamfanin Zimperium ya bayyana kurakurai a sashen Android da ke karanta bidiyo, wanda ake kira Stagefright. Saƙon MMS mai ɗauke da gurɓataccen bidiyo ya isa, muddin an san lambar mutum, kuma an ƙiyasta wayoyin da abin ya shafa sun kai miliyan 950. Bayan wannan ne Google ya fara fitar da facin tsaro na Android kowane wata.

Wanda ya fi kowanne ban mamaki shi ne na 2021. Cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto da ke Kanada ta binciki wayar iPhone ta wani ɗan fafutuka ɗan ƙasar Saudiyya, ta tarar da wasu fayiloli da sunansu ya ƙare da .gif, waɗanda aka turo ta iMessage domin dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus, mallakar kamfanin NSO na Isra'ila. Fayilolin ba hotunan GIF ba ne. Wasu daga cikinsu takardun PDF ne da aka sauya wa suna, kuma da yake wayar tana duba abin da ke ciki ne ba suna ba, sai ta miƙa su ga sashen karanta PDF. A cikinsu akwai bayanai irin na JBIG2, wata tsohuwar hanyar matse hoton takarda mai baƙi da fari da injinan kwafar takardu ke amfani da ita. A sashen da ke ƙirga alamomin JBIG2 akwai juyewar ƙirga, wadda ta sa aka tanadi gurbi ƙarami, aka zuba masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya girgiza masana. JBIG2 ba ta da hanyar gudanar da umarni, amma tana iya haɗa hoto da hoto ta wasu 'yan ƙa'idoji na lissafi. Kamar yadda Ian Beer da Samuel Groß na rukunin Project Zero na Google suka bayyana a watan Disamban 2021, masu kutsen sun jera irin wannan haɗi fiye da 70,000 har suka gina wata 'yar ƙaramar kwamfuta a cikin ƙwaƙwalwar wayar, wadda ta ƙarasa musu aikin. Duk wannan a cikin abin da wayar ta ɗauka hoto ne, mai wayar kuwa bai ga komai ba. Apple ya toshe kafar a ranar 13 ga Satumba, 2021, kuma a watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Amurka ta sanya NSO a jerin kamfanonin da ta taƙaita hulɗa da su.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: irin wannan makami yana da tsada ƙwarai, kuma 'yan jarida da 'yan siyasa da manyan jami'ai ake hara da shi, ba akawun ƙaramar hukuma ba. Sai dai da zarar an bayyana kuskure, ƙananan ɓarayi sukan koyi dabarar su juya kan waɗanda ba su sabunta na'urorinsu ba.

A watan Satumban 2023 aka sake ganin makamancin haka a libwebp, wani sashen rubutu da ke karanta hotunan WebP. Shi kuma darasinsa daban ne. Manhajoji ba sa rubuta komai daga tushe, sukan ɗauko sassan da wasu suka riga suka rubuta, kamar yadda magina da yawa ke sayen bulo a wuri ɗaya. Kuskure ɗaya a libwebp ya tilasta wa Chrome da Firefox da Edge da Signal da LibreOffice da wasu da dama fitar da gyara a cikin 'yan kwanaki. Ko manhajar riga-kafin ƙwayar cutar kwamfuta ba ta tsira ba, domin ita ma fayil take karantawa, kuma kowane fayil da ya shigo sai ta leƙa shi. A watan Mayun 2017 Tavis Ormandy da Natalie Silvanovich na Google sun gano kuskure a injin Windows Defender wanda isowar imel kaɗai ke iya tayar da shi, Microsoft ya yi gaggawar gyarawa.

Abin da masu manhaja suka yi

A 2019 wani injiniyan Microsoft, Matt Miller, ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kurakuran tsaron da kamfanin ke gyarawa kowace shekara, daga 2006 zuwa 2018, na ƙwaƙwalwa ne. A 2020 masu kula da Chrome suka fitar da kusan wannan adadi game da manyan kurakuransu, kuma rabin waɗannan na amfani da gurbi bayan an sake shi ne.

An bi hanyoyi da dama wajen rage ɓarnar. Windows XP ta samu, a babban gyaran da aka yi mata a 2004, matakin hana na'ura ɗaukar gurbin bayanai a matsayin umarni. Windows Vista ta zo da dabarar sauya wa sassan manhaja mazauni duk lokacin da aka kunna kwamfuta, domin mai kutse ya rasa adireshin da zai rubuta. Sai kuma killacewa, wato a sa sashen da ke karanta fayil a keɓaɓɓen wuri inda ko an kama shi ba zai kai ga sauran na'urar ba. Office 2010 da Adobe Reader X sun zo da wannan tsari. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kawar da kuskuren, sun dai sa dole mai kutse ya haɗa kurakurai biyu ko uku kafin ya cimma burinsa, wanda ya ɗaga farashin aikin sosai.

Ana kuma farautar kurakuran kafin miyagu su riga. A 1988 Farfesa Barton Miller na Jami'ar Wisconsin ya lura cewa a daren da ake ruwa da tsawa, hargitsin layin tarho yana cusa haruffan shirme cikin abin da yake rubutawa, manhajoji kuma suna faɗuwa. Ya sa ɗalibansa su riƙa ɗura wa manhajojin Unix shirme da gangan, sai tsakanin rubu'i da sulusinsu suka faɗi ko suka sandare. A yau wannan dabara ta zama babbar sana'a: tun Disamban 2016 shirin OSS-Fuzz na Google yake jefa wa ɗaruruwan manhajoji hargitsattun fayiloli dare da rana.

Maganin da ya fi kusa da tushe shi ne sauya harshe. Harsuna irin su Rust da Go da Java suna lura da iyakar gurbi da kansu. Hukumar NSA ta Amurka ta shawarci masu manhaja da su koma gare su a watan Nuwamban 2022. Google ya ce a Android, bayan an fara rubuta sababbin sassa da irin waɗannan harsuna, kason kurakuran ƙwaƙwalwa ya sauko daga kashi 76 cikin 100 a 2019 zuwa 24 a 2024. Amma tsohon rubutun C da ke cikin na'urorin duniya ba zai sauyu a shekara goma ba.

Abin da ya rage ga ofisoshi

Babban abin da ke hannun ma'aikaci shi ne sabuntawa. Saƙon da ke neman a sake kunna kwamfuta domin ɗora gyara, wanda ake yawan ɗagewa saboda tsadar data ko tsoron ɗaukewar wuta, sau da yawa facin irin waɗannan kurakurai ne. Sai dai faci yana zuwa ne ga manhajar da ba a yaye ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP a watan Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Office 2010 a Oktoban 2020, sannan Windows 10 da Office 2016 da 2019 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ban da masu Windows 10 da suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Kwamfutar da ke kan ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ana buɗe imel a kanta, ba ta dace da ajiye bayanan albashi ko na marasa lafiya ba, kuma wannan magana ce ta kasafin kuɗi da ya kamata shugabannin sassa su ɗauka, ba ta ƙaramin ma'aikaci ba. Haka ma wayoyi: ƙananan wayoyin Android da yawa da ke kasuwa ba sa daɗewa suna samun faci, kuma ana iya ganin ranar facin ƙarshe a sashen bayanin waya da ke cikin saituna.

Idan Word ko Excel ya buɗe takardar da ta zo daga waje ya nuna ɗan layin ruwan ɗorawa a sama, killacewar nan ce ke aiki. Wanda karatu kawai zai yi ba ya buƙatar danna maɓallin da ke ba da damar gyara. Sanin wanda ya aiko saƙo ma ba hujja ba ce, domin ana kama akwatin imel ɗin mutum a aika wa abokan aikinsa da sunansa. Idan takarda ta zo ba a tsammace ta ba, kiran waya na minti ɗaya ya isa a tabbatar.

Akwai wata al'ada da ya kamata a daina. Idan fayil ya sa manhaja ta rufe kanta, akan tura wa abokin aiki a ce ya gwada a tasa kwamfutar. Galibi fayil ɗin lalacewa kawai ya yi a hanya, amma faɗuwar manhaja a daidai lokacin buɗe fayil ita ce kuma alamar da tumbatsar gurbi ke bari, musamman idan ta rufe sannan ta sake buɗewa da kanta da wata takarda da ba ta da wata ma'ana. Abin da ya dace shi ne a cire kwamfutar daga intanet, kada a goge saƙon, a sanar da sashen kula da kwamfutoci na ma'aikatar nan take. Saurin sanarwa yana da nasaba da doka: Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta wa duk hukumar da ke riƙe da bayanan jama'a ta sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72 da gano kutsen da ka iya cutar da masu bayanan, kuma cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro ita ce ke karɓar rahoton kutse a matakin ƙasa.